Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar IWC: Kun Karɓe Mashi, Saura Igiya

Zuwa ga Shugaba da wakilan ƙasashe,
Hukumar Kula da Farautar Kifin Wel ta Duniya, IWC,
Kambirij, Ingila.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, zan fara da yabo, don kun cancance shi, kuma don abin da zai biyo baya ba lalle ya yi muku daɗin ji ba.

A ƙarni na 20 kaɗai jiragen farauta sun kashe kifin wel kusan miliyan 3. Ranar da aka sa hannu a yarjejeniyar Washinton ta 1946 wadda ta haifi hukumarku, ba tausayin dabbar ne ya tara ƙasashe ba. So ake a tsara kisan yadda garken ba zai ƙare a bar masu sana'ar hannu rabbana ba. Amma a 1982 kuka yi abin da ba a zata ba, kuka kaɗa ƙuri'ar dakatar da farautar kasuwanci, dakatarwar ta kankama a 1986. Norwe da Aisland ba su ajiye mashinsu ba, Jafan ma ta fice daga cikinku a 2019 ta koma farauta a ruwanta. Duk da haka kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Wel mai doro na kudu maso yammacin Atlantika, wanda ya zube zuwa kimanin 450 a shekarun 1950, an ƙiyasta ya farfaɗo zuwa wajen 25,000.

To, ga wani lissafin, kuma daga bakinku na ji shi: duk shekara aƙalla dabbobi 300,000 daga dangin wel ke mutuwa a cikin raga da igiyoyin kamun kifi. Na sani, galibinsu ƙananan dangi ne, su dolfin da 'yan uwansa. Amma a cikin manyan ma akwai waɗanda igiya ke gab da shafe irinsu. Kun karɓe mashi daga hannun maharbi, igiya ta gaje shi, ita kuwa har yau babu wata dokarku da ta ɗaure kowa a kanta.

Tunda wasiƙar a buɗe take, ku yi mini izini in yi wa sauran masu karatu bayanin abin da ku kun riga kun sani. Sunan kifi da muke kiransa da shi aro ne kawai. Huhu gare shi, iska yake shaƙa ta ƙofar hancin da ke saman kansa. Macen tana ɗaukar ciki na kusan shekara, ta haifi ɗa guda, ta shayar da shi nono. Komai nisan nutson da ya yi, dole ya taso ya numfasa. A ruwa yake rayuwa, amma in aka riƙe shi a ƙasa ruwa zai ci shi kamar yadda zai ci ni da ku.

Sannan galibi wel ɗan cin rani ne. Inda abincinsa yake, wato ruwan sanyi na kusa da ƙanƙarar arewa da ta kudu, ba nan yake haihuwa ba. Yakan yi watanni yana ci ba ƙaƙƙautawa, ya tara kitse, sannan ya kama hanyar ruwan ɗumi, inda kusan ba ya cin komai har ya dawo. Mai doro yana tashi daga Alaska ya isa Hawai, tafiyar kilomita 4,800, cikin wata guda ko fiye kaɗan. Na yankin Antatika suna haurowa gaɓar Birazil da Gabon da Madagaska da Ostireliya. Wata mace daga cikin masu ruwan toka, wadda masana suka sa wa suna Varvara suka liƙa mata na'ura, ta tashi daga tsibirin Sakhalin na Rasha ta je Meksiko ta koma, kilomita sama da 22,000. Wani namijin mai doro kuma an ɗauki hotonsa a gaɓar Kolombiya ta ɓangaren Fasifik, sai ga shi a 2022 kusa da Zanzibar, tazarar kilomita 13,000. Wace ƙasa ce za ta bugi ƙirji ta ce wannan nata ne? Dabbar da ke ratsa ruwan ƙasashe goma, dokar ƙasa ɗaya ba ta isa ta kai ta gida lafiya ba. Dalilin da ya sa na rubuto muku ke nan, ban rubuta wa wani minista ba.

Matsalar ita ce yawancin hanyoyin nan gefen gaɓa suke bi, ta ruwa mara zurfi sosai, kuma nan ne daidai inda masunta ke kafa kayansu. Wanda bai taɓa ganin kayan kamun ƙaguwa ko ɗan uwanta lobsta ba, ya ɗauka akurki ne na waya aka nutsar a ƙasan teku. Daga jikinsa igiya ta miƙe tsaye har saman ruwa, inda aka ɗaura mata goran roba don mai shi ya gane wurin. Sau da yawa tarkunan a jere suke, wata igiyar ta haɗa wannan da wancan, in mai tasowa ce sai ta yi baka tsakaninsu kamar an ɗana zarge. A ruwan arewa maso gabashin Amurka da gabashin Kanada irin waɗannan igiyoyi na tsaye dubban ɗaruruwa ne a lokacin da kamu ya kankama.

Yanzu ga baƙin wel na Arewacin Atlantika ya taho. Shi ba haƙori gare shi ba, wata irin rariya ce ta dogayen faifai masu gashi ke rataye a bakinsa. Yadda yake cin abinci shi ne ya buɗe baki ya riƙa iyo a hankali, ruwa na wucewa, ƙananan halittun da ba su fi ƙwayar shinkafa ba suna maƙalewa. Haka yake tafe baki buɗe sai igiya ta shige. Yana jin ta sai ya firgita ya juya jikinsa, juyin nan kuwa shi ke gama shi: igiya ta zagaye muƙamuƙi, ta naɗe fiffiken iyo, ta ɗaure gindin wutsiya. Igiyoyin roba na zamani sun fi na da ƙarfi nesa ba kusa ba, ba sa tsinkewa, ba sa ruɓewa. Ƙaramin wel nan take yake nutsewa. Babba kuwa ƙarfinsa ne ke ja masa doguwar azaba, don zai finciko kayan ya tafi da su, ya ja su ɗaruruwan kilomita, igiya na zartar fata, ta wuce kitse, ta wuce nama, har ta kai ƙashi. Likitocin dabbobi da suka yi ta feɗe gawarwakinsu sun ƙiyasta cewa wanda igiya za ta kashe yakan ɗauki kimanin wata shida kafin ransa ya fita. Da mahauci ne ya yi wa sa haka a tudu, da ba a kwana ba an kama shi.

Hausawa na cewa kifi na ganinka mai jar koma. Abin mamaki, gwajin da aka yi a mashigin Cape Cod na Amurka ya nuna baƙin wel ya fi saurin hango igiya ja ko ruwan goro fiye da sauran launuka. Amma da dare fa, ko a can ƙasa inda haske ba ya kai? Nan ba ya ganin kowa.

An ce maharban da ne suka laƙaba wa baƙin wel suna da ke nufin wanda ya dace a kashe, don ba ya sauri, yana bin gaɓa, kuma in ya mutu gawarsa ba ta nutsewa. Ya tsira daga hannunsu da ƙyar. Yau waɗanda suka rage ba su kai 400 ba, matan da ke iya haihuwa a cikinsu wajen 70 ne. Fiye da kashi 85 cikin 100 na ɗauke da tabon igiya, wasu sun shiga sau biyar, sau shida. Macen da a da take haihuwa duk shekara uku, yanzu sai ta yi shekara shida zuwa goma ba ta sake ba, don wahalar jan kaya tana cinye kitsen da ya kamata ya zama ciki da nono. Wani nazari na 2021 ya gano cewa waɗanda ake haifa yanzu sun gaza na 1980 tsawo da kusan mita guda. Igiya har tsumburar da su take yi.

A 2017 aka tsinci gawa 17, 12 a ruwan Kanada, 5 a na Amurka. Me ya faru? Ruwan mashigin Maine ya yi ɗumi, abincinsu ya ƙaura, su ma suka bi shi arewa zuwa mashigin Sen Lorens, inda ake kamun ƙaguwa da manyan tarkuna, inda kuma babu wani tanadi da aka yi musu don ba a saba ganinsu da yawa a can ba. Kanada ta tashi tsaye daga baya, ta fara rufe yanki da zarar an hango wel a cikinsa, kuma hakan ya taimaka. Sai dai an fafe gora ne ranar tafiya. A kakar haihuwa ta 2018 ko jariri ɗaya ba a gani ba. Irin haka ta faru a gaɓar Kalifoniya lokacin da teku ya yi zafi tsakanin 2014 da 2016: masu doro suka matso gaɓa neman abinci, suka tarar da igiyoyin masu ƙaguwa, a 2016 kaɗai aka kai rahoton sarƙewa 71 a yammacin Amurka. Dokar da aka zana wa iyaka a taswira, aka ce daga wata kaza zuwa wata kaza, ba ta san hanya ta sauya ba.

Na san kun san Snow Cone, macen baƙin wel mai lamba 3560 a kundin masana. Ɗanta na fari jirgin ruwa ne ya kashe shi a 2020. A watan Maris na 2021 aka gan ta a ruwan Massachusetts da igiya a baki. Masu ceto suka yanke abin da suka iya, saura ya ƙi fita. Da wannan igiyar ta je Kanada, da ita ta gangaro kudu, da ciki a jikinta ba wanda ya sani. A watan Disamba na 2021 jirgin sama mai sintiri ya hango ta a gaɓar jihar Jojiya ta Amurka da sabon jariri. Hoton yana nan ga mai son gani: uwa na iyo, igiya ta fito daga bakinta tana jan ƙasa a baya, jaririn na wasa yana gittawa ta cikinta. Daga baya aka gan ta ba ɗan. A watan Satumba na 2022 aka sake hango ta kudu da tsibirin Nantucket na Massachusetts, ta rame, ƙwarƙwatar ruwa ta lulluɓe ta, ga sabuwar igiya a kan tsohuwa. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Igiyar wa ce ta kashe ta? Nan gizo ke saƙar. Maharbi yana da suna, jirginsa na da tuta, shi ya sa kuka iya hana shi. Igiya ba ta da uba. Mafi yawan waɗanda ake cirowa daga jikin wel ba a iya cewa daga wace ƙasa ko wace sana'a suka fito, don haka kowa sai ya nuna maƙwabci. Shekara da shekaru masu kamun lobsta na jihar Maine na cewa ba a taɓa tabbatar da mutuwar baƙin wel ko ɗaya a kayansu ba, kuma a takarda gaskiya suka faɗa. Sai a watan Janairu na 2024 ruwa ya turo gawar wata 'yar shekara uku, mai lamba 5120, gaɓar tsibirin Martha's Vineyard. Tun a 2022 igiya ta ɗaure mata wutsiya, tana girma igiyar na nutsewa cikin nama. Da aka zaro ta sai ga alamar shunayya, launin da aka wajabta wa masuntan Maine. 'Yar alamar nan ta raba gardamar da shekaru suka kasa rabawa. Amma kafin nan, a Disamba 2022, majalisar dokokin Amurka ta riga ta dakatar da sababbin ƙa'idoji kan wannan sana'a har ƙarshen 2028. Shekara shida, ga dabbar da matanta 70 ne.

Za ku ce ai ba ku naɗe hannu ba, kuma ba zan musa ba. Tun 2011 kuke horar da masu ceto a ƙasashe da dama tare da cibiyar nazarin gaɓa ta Provincetown, a 2016 kuma kuka amince da shirin rage kamun kuskure. Ina girmama mutanen nan da ke shiga ɗan kwalekwalen roba da wuƙa a bakin doguwar sanda, su tunkari dabbar da ta kai tan 50 tana cikin ciwo da tsoro. Joe Howlett, masunci ne daga tsibirin Campobello na Kanada, ya sha kwance wel. Ranar 10 ga Yuli 2017 ya yanke igiya ta ƙarshe daga jikin wani baƙin wel a mashigin Sen Lorens, dabbar ta kaɗa wutsiya ta same shi, nan ya rasu. Amma ku da kanku kun sha faɗa cewa ceto ba magani ba ne. Teku faɗi gare shi. Ko gawar baƙin wel, wanda ya fi kowane wel samun masu sa ido, kashi ɗaya cikin uku kawai ake gani. Wanda aka kwance, shi ne wanda Allah ya sa aka yi kiciɓis da shi da rana, kusa da tashar da ke da horarrun mutane.

Kada a ɗauka yaƙi nake da masunta. Ba wanda ya fita da asuba da niyyar kashe wel, kuma duk wanda wel ya faɗa wa kaya asara ya yi, wani lokacin ta jarin shekara. A Sikotland, masuntan ne da kansu suka ba masu bincike labarin abin da suke gani, daga nan aka ƙiyasta cewa duk shekara masu doro wajen 6 da ƙananan wel na minki wajen 30 ke sarƙewa, kuma mafi yawan na minki a igiyar nan ce mai haɗa tarko da tarko. Maganin bai fi a sauya ta da igiya mai nauyi wadda ke kwanciya a ƙasa ba. A Afirka ta Kudu, bayan mutuwar wel a mashigin False Bay a 2019, gwamnati ta dakatar da kamun oktofus, halittar tekun nan mai hannuwa takwas, har sai da aka sauya tsarin igiyoyin. Akwai igiya mai rauni da ke tsinkewa in an ja ta da ƙarfin da ya kai kilo 770, wadda aka ƙiyasta za ta rage munanan sarƙewa da kashi 72 cikin 100, ko da yake jariri ba lalle ya iya tsinka ta ba. Akwai kuma wanda ya fi su duka, tarkon da ba shi da igiya a tsaye: tana naɗe a jikinsa a ƙasan teku, sai mai shi ya zo ya aika da siginar sauti daga jirgi, gora ya taso. Yana aiki, an gwada. Tsada gare shi, kuma sai an samar da hanyar da masunci zai san wani ya riga shi kafa kaya a wuri tunda babu alama a sama. Waɗannan matsaloli ne na kuɗi da tsari, ba su gagari ƙasashen da ke zaune a zaurenku ba.

Na daɗe a kan Atlantika don can ne ake da lissafi. Inda babu mai ƙirga abin ya fi muni. Ragar da ake shimfiɗawa kamar katanga don kamun kifin tuna a tekun Indiya an ƙiyasta ta ci dolfin da danginsa miliyan 4 tsakanin 1950 da 2018. Masu doron tekun Larabawa, waɗanda su ba sa ma cin rani, ba su kai 100 ba, kuma da yawansu na da tabon raga. Dolfin ɗin kogin Yangtze na Sin an neme shi an rasa a 2006. Ɗan ƙaramin vaquita na Meksiko, ɗan uwan dolfin, wajen 10 suka rage, saboda ragar da ake sa wa kifin totoaba, kuma a kansa ne kuka fitar da gargaɗin ƙarewar iri na farko a tarihinku a watan Agusta na 2023. Ga kuma kayan da suka ɓace ko aka zubar, suna ci gaba da kamu ba mai su: wel ɗin da ya mutu a gaɓar tsibirin Harris na Sikotland a 2019, an tarar da dunƙulen shara kilo 100 a cikinsa, har da raga da igiya.

Na san amsar da ke bakinku: ikon kamun kifi ba a hannunmu yake ba, yana hannun ƙasashe da hukumomin kamun kifin tuna na yankuna da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Haka ne a takarda. Amma gwamnatoci sama da 80 da ke turo muku wakilai, ai su ne ke zama a waɗancan zaurukan, kuma a ƙasashe da dama ma'aikatar da ta turo wakilin ita ce ke sa hannu a lasisin masunta. Ba zai yiwu mutum ya yi jimamin wel a zaurenku da safe, da yamma ya sabunta lasisin igiyar da ke kashe shi ba. Kuma an taɓa yin irin wannan: a 1991 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya yanke a daina amfani da dogayen ragar nan masu bin ruwa a tsakiyar teku daga ƙarshen 1992, duk da ƙasashen da ke cin moriyarsu sun ja.

Abin da nake roƙo ya fara da alama. Jagorar sa wa kayan kamun kifi shaida da Hukumar Abinci da Noma ta amince da ita a 2018 ta ganin dama ce. Ku nemi kowace ƙasa da ke cikinku ta mayar da ita doka a gida, alamar kuma ta bi tsawon igiyar, ba a bakin gora kaɗai ba, don wel guntu yake tafiya da shi. Sannan kowace ƙasa ta kawo muku lissafin sarƙewa duk shekara, ku buga shi da sunan ƙasa da irin sana'a, wadda ta ƙi kawowa ita ma ku buga sunanta. Masananku sun fi kowa sanin hanyoyin nan da lokutansu. Ku haɗa su a taswira ɗaya mai sauyawa da sauyin ruwa, ku miƙa wa masu ba da lasisi tun kafin a fara tsintar gawa. Kuma a buɗe asusun da zai ɗauke wa ƙaramin masunci nauyin sauya kaya, wanda manyan kamfanoni da ƙasashen da ke sayen kamun za su zuba wa kuɗi. In aka ɗora masa shi kaɗai, ɓoye abin da ya gani zai yi, mu koma gidan jiya.

A zamanku na gaba ina roƙon kada batun igiya ya zo a ƙarshen ajanda bayan an gaji da gardamar mashi. A sa shi a gaba, a kira wakilan Amurka da Kanada su faɗi igiya nawa za su cire daga hanyar baƙin wel kafin 2028, sannan a bi sauran ƙasashe ɗaya bayan ɗaya da irin wannan tambaya. Duk watan Nuwamba matan nan masu ciki suna barin arewa su nufi Jojiya da Fulorida, kuma ta cikin igiyoyin za su bi.

Ku huta lafiya.

Naku,
Wani mai bibiyar al'amuran teku